Gargaɗi ga masu fentin babur a Damagaram: akwai mai yawo da verni na jabu

Jika 28 na ƙirga na sa masa a hannu. Jika 28, a kan gwangwanin verni (fenti marar launi mai sheƙi da ake fesawa a ƙarshe) na lita 1 da ƙaramin gwangwanin dursisar (ruwan da ke sa verni ya daskare) na rabin lita, wai kayan haɗi biyu ne irin wanda man fetur ba ya ci. Yau tankin babur ɗin da na fesa da shi yana nan jingine da bango, bakinsa ya yi yamutse kamar fatar da wuta ta taɓa, mai babur kuma yana ta kirana. Raina a ɓace yake, kuma kunya ta fi ɓacin ran.

Kada wani ya ce mini ban duba ba. Na duba. Mutumin ba shi da shago, a WhatsApp yake tallan kayansa, ranar Alhamis da kasuwar Dole ke ci ya ce mu haɗu a bakin titi. Ya zo da guntun tanki baƙi a cikin buhu, yana sheƙi kamar madubi. A gabana ya buɗe kwalbar mai ya kwarara a kai, ya bari kusan minti ɗaya, ya goge da tsumma, ya miƙo mini. Ya ce, "Malam, kai ma'aikaci ne, ba sai na yi maka dogon bayani ba, sa farce ka gani." Na sa farce. Ko alama. Wannan shi ne gwajin da kowane mai fenti ya sani, shi kuma na gani da idona. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne guntun tankin da verni na gaske aka fesa shi, abin da ke cikin gwangwanin kuma daban. "Sa farce ka gani." Maganar nan ta hana ni barci.

Ga wanda bai san bambancin ba: verni iri biyu ne. Akwai mai haɗi ɗaya, wanda yake bushewa don diliyan ɗin cikinsa, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ya tashi, shi ne na yawancin gwangwanayen feshi na kanti. Wannan ko ya shekara, mai ya zuba a kai zai yi laushi. Akwai kuma mai haɗi biyu, da ake rubuta 2K a jikinsa, wanda sai an zuba masa dursisar su haɗu su daskare, in ya nuna kuwa mai ba ya narkar da shi. Tankin babur dole sai na biyun, domin ba ranar da mai ba zai ɗiga a bakin tanki ba, musamman ga ɗan kabu-kabu da ke shan mai na kwalba sau uku sau huɗu a yini. Na biyun na saya. Na biyun na biya jika 28.

Aikina kuwa ba inda na yi ha'inci, zan faɗe shi dalla-dalla don kada a ɗora mini laifi. Na kankare tankin har ƙarfe, na cike lotsawa da mastik, na fesa fentin ƙasa, na goge da sandifefa mai lamba 800 da ruwa. Na wanke maiƙo, domin ɗigon man inji ko maiƙon yatsa shi ke sa verni ya buɗe ƙananan ramuka kamar idon kifi. Na fesa jan fenti hawa biyu, na jira minti 20 har ya daina sheƙi. Na tsiyaye ruwan da ke cikin kwamfuresa, tunda ruwa a iska yana sa verni ya yi hazo fari. Haɗi kamar yadda aka rubuta a gwangwanin: kashi 2 na verni, kashi 1 na dursisar, da diliyan kusan kashi 10 cikin 100. Mililita 200 da 100 da 30, a kofin awo, kuma na tace. Bakin bindigar feshi lamba 1.3, ƙarfin iska wajen bar 2, tazarar taƙi guda tsakanina da tanki, kowane layi yana hawa rabin na baya. Hawa na farko siriri, na jira minti 10, sannan hawa biyu cikakku. Da sassafe na yi, bayan na yayyafa ruwa a ƙasa, don duk wanda ke aiki a garin nan ya san abin da ƙura ke yi wa ɗanyen verni, ya kuma san in rana ta take sama yakan bushe kafin ƙasa, ya fito da ƙuraje. Bai zubo ba, bai yi kaushi kamar ɓawon lemo ba. Ya kwanta lafiya lau.

Tun daren nan ya kamata in gane. A'a, tun kafin nan ma, tun lokacin da na buɗe ƙaramin gwangwanin na ga ba ledar da ke rufe bakinsa. Dursisar ba ya son iska mai laima, shi ya sa kamfani ke like shi. Na tambaye shi a waya, ya ce, "Haba maigida, a hanya aka buɗe don bincike." Na karɓa. Wannan kiran ko kafin in fesa ne ko bayan hawa na farko, na kasa tantancewa, amma yana cikin wayata da lokacinsa, zan saka hotonsa. Warin ma irin na diliyan ne, yana gudu a kofi kamar ruwa. Na ce ko sabon samfuri ne.

Abin da ya tona asiri shi ne ragowar da na bari a kofi. Verni mai haɗi biyu, da zarar ka haɗa, ƴan awoyi kaɗan gare ka, a zafin Damagaram ma bai kai haka ba, sai ya fara kauri, washegari ka same shi dunƙule guda ka ɓamɓaro shi da siffar kofin. Nawa kwana biyu yana ruwa, sai ƴar yana a sama. Ma'ana ba abin da ya haɗu da wani abu. Diliyan ne zalla a gwangwanin dursisar, babban gwangwanin kuma an juye na gaske an ɗura masa mai haɗi ɗaya. Na ga kofin, zuciyata ta ba ni, amma tankin a taɓe ya bushe, sai na ce bari in ba shi kwana 7 cikakku kamar yadda ake ba kowane verni kafin mai ya taɓa shi. Na ba shi. Ranar da aka ɗaura aka zuba mai, ɗan abin da ya gangaro daga baki ya bar hanya, aka sa tsumma, tsumman ya taho da verni har da jan fentin ƙasansa.

Da na kira shi sai ya ce wai man ne ba shi da kyau. Wane mai? Ko na matatar SORAZ ne ko na kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya, 2K na gaske da ya kwana 7 ba ya bin tsumma. Daga nan ya daina ɗauka, hoton kansa ya ɓace a WhatsApp. Jika 28 na verni, jika 9 na jan fenti, ban da sandifefa da mastik da wuta, ban da kwanakin da mai babur ya yi ba ya fita nema. Kuma ba a fesa na gaske a kan wannan, diliyan ɗinsa zai iya tayar da na ƙasa ya yamutsa duka, sai an sake kankarewa. Ni zan biya, ba mai babur ba, domin ni na ce masa kayan masu kyau ne. Ni na faɗa da bakina, saboda na ga mai ya zuba a kan guntun tankin nan bai yi komai ba.

Hotunan gwangwanayen biyu, da kofin, da bakin tankin, da hirarmu, duk zan saka su in na rufe lambobin da ke ciki.

Kada ku yarda da samfurin da mai kaya ya zo da shi. Ku ɗebi cokali 2 na verni da cokali 1 na dursisar daga gwangwanayen da za ku biya, ku haɗa a murfin kwalba ku bar shi ya kwana, in bai daskare ba ku mayar masa. Dursisar da bakinsa ke buɗe kada ku taɓa. In kun samu na gasken, ku sa takunkumi mai matatar gawayi ku fesa inda iska ke wucewa, tururinsa yana lalata huhu, rawani ko ƙyalle ba ya tare shi.