Digirin MBA na manyan ma'aikata a idon mai sayen shanshera

Digiri na biyu kan sarrafa kasuwanci, wanda aka fi sani da MBA, yana da ajin da aka keɓe wa waɗanda suka daɗe a bakin aiki. Shi na kammala a wata jami'a da ke wajen jihar Kebbi, ina kuma riƙe da sashen sayen shinkafa shanshera a wani kamfanin casa. Ana ɗaukar darasi a ƙarshen mako, kuma ana neman digiri na farko da takardar hidimar ƙasa, yayin da mai babbar difloma sai ya fara yin diflomar gaba da digiri kafin a karɓe shi.

Darasin da ya biya kuɗinsa shi ne na sarrafa kuɗin kamfani. Duk mai sana'ar casar shinkafa ya san cewa ana zuba jari mai yawa lokacin girbi, a cika rumbu da shanshera daga Argungu da Suru da Yawuri, sannan a shafe watanni ana casa ana sayarwa, ruwan bashin banki kuwa yana hauhawa. Malamin ya sa muka zo da lissafin wuraren aikinmu, muka auna kwanakin da kuɗi ke kwance a rumbu kafin su dawo hannu, kuma a nan na gane dalilin da kamfani zai nuna riba a takarda amma ya kasa biyan dillalai a kan lokaci. Abokan karatu ma sun ƙara wa ajin daraja, musamman ma'aikatan banki, waɗanda suka bayyana mana abin da suke dubawa kafin su amince da rance.

Inda shirin ya gaza a wurina shi ne misalan da ake nazarta, domin galibinsu na kamfanonin Amurka ne da na Legas. A Kebbi ne Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoma rance a watan Nuwamban 2015, daga baya aka yi ta kokawa kan rashin biyan bashin. Ga yarjejeniyar Kebbi da Legas da ta haifar da shinkafar Lake Rice a 2016, ga kamfanin casar shinkafa na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Waɗannan darussa ne cikakku kan lamuni da farashi da amana tsakanin manomi da mai saye, amma babu ko ɗaya da ya shiga manhajar. Ɗage lacca bayan mutum ya kamo hanya tun asuba ma ya kamata a magance shi.

Ina ba wanda yake riƙe da kasafi ko ma'aikata shawarar ya shiga, matuƙar ya daidaita da shugabansa tun farko, domin jarrabawarmu ta faɗo daidai lokacin sayen shinkafar rani.