Gargaɗi ga masu keken hawan dutse a Zariya: a kula da damfarar babban faifan birki

Jama'a, akwai wani salon cuta da ya shigo cikin masu keke, musamman ɗalibai a Samaru da Kongo da ke sayen kekunan gwanjo masu birkin faifai. Mai tallan yakan sa hoto a Facebook ko a WhatsApp: faifan birki mai faɗin milimita 203, wai na kamfanin Shimano ne ɗan asali, wai yana hawa kowane keke, kuma birki zai ninka ƙarfi. Sai ka tura kuɗi tukuna, kayan su biyo mota zuwa Kwangila. Maganar nan duka ukun ƙarya ce, kuma rashin sanin awo ne yake ba shi ƙofa.

Faifan birki yana zuwa da girma sananne: 140, 160, 180, sai 200 ko 203, da 220. Babba ya fi kama ƙafa, ya fi jure zafi, wannan gaskiya ne. Amma daga 160 zuwa 180 ƙarin bai wuce kashi 12 ko 13 cikin ɗari ba, zuwa 203 kuma wajen kashi 27. Ina ninki a nan?

Abin da ba ya faɗa shi ne, kan birkin da ke matse faifan yana zaune ne daidai girman da aka ƙera keken da shi, yawanci 160. In za a ƙara girma dole a sa adafta, wato ɗan ƙarfen da ke ɗaga kan birkin: mai ƙarin milimita 20 don 180, mai ƙarin 43 don 203. Kaya na isowa sai ka ga faifan ya ƙi shiga, ka kira shi, ya ce ai adafta kuɗinta daban. Ka sake turawa, ko ya toshe lambarka, ko ya aiko da ta 200. Bambancin milimita 3 ne kawai, amma ya isa bakin faifan ya riƙa gogar kan birkin yana ƙara kamar ana wasa wuƙa. In kuma aka juya, faifai 200 a kan adaftar 203, gefen takalmin birki yana cin iska. Wasu masu gyara sukan cika ratar da tarin washa da dogon noti don kawai mai keke ya tafi. Kada ka yarda. Notin yana lanƙwasa, ranar da ka damƙe birki da ƙarfi ranar zai karye.

Ko da adaftar ta dace, kowane fok, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, yana da iyakar girman faifan da kamfaninsa ya yarda da shi. Masu arha, masu siririn sandar ƙafa da ake kullewa da ɗan hannu, galibi 160 ne ko 180. Ka ɗora 203 a kai, ƙarfin zai koma kan kunnen da kan birki yake ɗaure, ya tsage shi, ko ya riƙa fizgar ƙafar gaba daga mazauninta. Wannan ba asarar kuɗi ba ce kaɗai, haƙora ne.

Sai ɗaurin faifan a jikin ƙafa, wanda iri biyu ne: mai noti shida da ake kwancewa da makullin tauraro T25, da Center Lock mai haƙora da zobe ɗaya. Mai noti shida yana hawa Center Lock in an sa wata adafta, amma faifan Center Lock ba ya hawa ƙafa mai noti shida. Leƙa ƙafarka kafin ka yi ciniki.

Kayan da yake aikowa kala biyu ne. Na farko tsohon faifai ne da aka goge da sanfefa ya yi ƙyalli. Sabon faifan Shimano kaurinsa milimita 1.8, kuma a jikinsa an rubuta iyakar 1.5, da ya kai nan ya gama aiki. Ratar siririya ce, ido ba ya ganinta, amma farce yana ji: ja farcenka daga inda takalmi ke ci zuwa hannuwan faifan, in ka ji tudu kamar matakala, an sha amfani da shi. Wanda yake son tabbaci ya kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe a Sabon Gari su auna masa, a tsakiyar hanyar takalmi, ba a baki ba. Shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa a jikinsa alamar ya taɓa ƙonewa ne. Kwantar da shi a kan gilashi, in yana rawa ya karkace.

Na biyu jabu ne sabo fil. Bakinsa da ramukansa suna da kaushi mai yankan yatsa, rubutun fenti ne da fetur ke gogewa, wani ko kibiyar da ke nuna inda zai juya babu. Ƙarfen ba a gasa shi yadda ya kamata ba, gangara ɗaya mai tsawo ta isa ta murɗe shi. A bar gwajin maganaɗisu da wasu ke yi, domin na gaske ma yana kama maganaɗisu. A kuma karanta jikin faifan ko da na asali ne: wasu an rubuta na takalmi mai laushi ne kaɗai, takalmin ƙarfe yana cinye su da wuri.

Wa ma yake buƙatar 203 a Zariya? Garin shimfiɗe yake. Mai zirga-zirga daga Tudun Wada zuwa PZ ko cikin jami'a, 160 gaba da baya ya ishe shi. Mai jiki, ko mai ɗaukar kaya, ko mai gangarowa ta duwatsun Kufena, ya sa 180 a gaba ya bar 160 a baya, in fok ɗinsa ya yarda. Sau da yawa ma birkin da ake kuka da shi ba girma ne matsalarsa ba, man sarƙa ne ya taɓa takalmi. A canja takalmi, a wanke faifan da sifirit, a yi gudu kaɗan a ja birki a hankali kamar sau ashirin ba tare da an tsaya cak ba, sai ka ji ya kama.

In dai sai ka saya, ka je da keken, a ɗaura a gaban idonka, a juya ƙafar ka saurara, sannan ka biya. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana rasit da hotunan hirarsu, ya kai ƙorafi bankinsa a ranar, kafin a kwashe kuɗin daga asusun.