War Room: fim ɗin ya yi kyau, amma ina da magana

Fim ɗin nan na 2015 ne, na 'yan uwan nan Alex da Stephen Kendrick, waɗanda suka yi Fireproof a 2008. Kuɗin da aka kashe bai wuce dala miliyan 3 ba amma ya kawo sama da miliyan 70, to kun ga ba ƙaramin shiga ya yi a zuciyar masu bi ba.

Labarin dai Elizabeth ce, Priscilla Shirer ta fito a matsayinta, aurenta na tangal-tangal, maigidan Tony ga faɗa ga rawar ido a waje, sai ta haɗu da wata tsohuwa Miss Clara wadda ta kwashe kayan ɗakin ajiyar tufafinta ta mai da shi wurin addu'a da take kira War Room, wato ɗakin yaƙi, kamar yadda Matiyu 6:6 ya ce ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. Gaskiya tsohuwar nan ita ta riƙe fim ɗin, in tana magana sai ka ji kamar wata mama ce a zumuntar mata take maka faɗa.

Inda na tsaya shi ne yadda komai ke warwarewa nan take. Elizabeth na durƙushe tana addu'a, shi kuma can yana cin abinci da wata, kawai sai ciki ya murɗa masa! Ya saci magungunan kamfaninsu, ya je ya amsa laifi, ba a ma kai shi kotu ba. Haba. Kuma duk rigimar gidan an ɗora wa Shaiɗan, har ta fito tana korarsa da baki, to ina alhakin shi Tonyn?

Abin da ya dame ni kenan, don mutanenmu ba kallo kawai suke yi ba, ɗauka suke kamar wa'azi. Matar da ake jibga a gida in ta kalla za ta iya cewa ashe addu'arta ce ba ta kai ba, ta ƙara yin shiru, alhali kamata ya yi ta gaya wa iyayenta ko fasto. Fim ɗin bai nuna ana dukan mace ba, na sani, amma an sha gaya wa mata irinta su je su yi War Room.

Hoto fes, sauti ma ba laifi, sai dai ya ɗan yi tsawo, awa biyu. Ku kalla da maigida, kar ke kaɗai.