Shagon atamfa ko gidan abinci a tsohon benen tsakiyar gari: amsa ga Hajiyarmu ta Ohio

Hajiya, kin ce a garinku an gyara wani tsohon bene mai tarihi a tsakiyar gari, an sa ɗakunan ƙasa a haya. Ke kuma kina sayar da atamfa, leshi da turare daga gida, kina yi wa masu biki tuwo, masa da tsire. Kina tambaya wace sana'ar ce ta dace da wurin. A ganina, kafin a yi maganar kuɗin haya sai an yi maganar hayaƙi.

Ki fara da sanin abin da ke ɗaure hannun mai ginin. A Amurka, wanda ya gyara ginin da aka yi wa rajistar tarihi don ya riƙa samun kuɗin shiga yana iya samun rangwamen harajin tarayya na kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyaran. Hukumar gandun daji da wuraren tarihi ta ƙasa ce ke tantance aikin, kuma idan aka yi wa ginin canjin da ba ta amince da shi ba cikin shekara 5 bayan gyaran, ana iya karɓe rangwamen. Da yawa daga cikin irin waɗannan gine-ginen da wannan kuɗin aka tashe su. Don haka in kin ji mai gida ya kafe kan ba za a huda bango ba, ba tsiya yake ji ba, aljihunsa yake karewa. Ga kuma kwamitin unguwannin tarihi na gari, wanda a wurare da yawa sai da izininsa za ki kafa allon suna ko ki canja ƙofa da taga.

Shagon kaya bai cika karo da waɗannan dokokin ba. Kanta, fitilu, fenti, kin gama. Tsofaffin gine-ginen ma suna da manyan tagogin gilashi da rufi mai tsayi, atamfa tana fitowa da kyau a ciki. Yarjejeniyar shekara 3 zuwa 5 ta wadatar, in abin bai karɓa ba ki tattara kayanki.

Gidan abinci kuwa wata duniya ce. Duk girkin da ke tayar da maiƙo sai an kafa masa babbar rumfar zuƙe hayaƙi mai na'urar kashe gobara, da bututun ƙarfe da zai fitar da hayaƙin waje, galibi har saman rufi. A gini mai hawa huɗu ko biyar wanda mutane ke kwana a sama, ta ina bututun zai bi? In ba a bar masa hanya tun lokacin gyara ba, to ko dai a fasa silin ɗin mutane hawa bayan hawa, ko a manna shi a jikin bangon da aka hana taɓawa. Tsire ya fi kowa wahala a nan, domin ƙa'idar kashe gobara ta ce murhun gawayi ko itace sai an yi masa nasa bututun daban, ba ya haɗa hanya da na gas. Sai tankin tace maiƙo kafin ruwan wanke-wanke ya shiga magudanar gari, sai wutar lantarki da za ta ɗauki firji da injin wanke kwanuka, sai banɗaki da keken guragu zai shiga kamar yadda dokar nakasassu ta 1990 ta tanada, sannan jami'an lafiya su zo su duba. Saboda yawan kuɗin da ake binnewa, masu gidan abinci kan sa hannu na shekara 10, kuma mai gida zai so ki tsaya da kanki a matsayin lamuni, wato in kasuwa ta mutu bashin yana wuyanki.

Hayar kuwa lissafinta ɗaya ne ga duka biyun, kuma a nan sababbin shiga ke ruɗewa. Ana faɗin farashi ne a kan kowace murabba'in ƙafa a shekara. Misali kawai: wuri mai ƙafa 1,500 a kan dala 30 ya kama dala 45,000 a shekara, 3,750 a wata. In kin ga an rubuta NNN, harajin gini da inshora da kula da gini duk suna kanki ban da hayar. In sun kama dala 10 a ƙafa, watanki ya koma 5,000. Tsohon gini kuma ba ya rabo da gyara.

Inda lissafin ke juyewa shi ne wajen masu saye. Wa ke sayen leshi? Mutanenmu ne, masu zuwa da mota da yara ranar Asabar, kuma tsakiyar gari ajiye mota da kuɗi ne. Masu yawo a ƙasan irin wannan benen ma'aikatan ofis ne da baƙi masu neman abin ci. Tun da aka sake buɗe tsohuwar kasuwar Quincy ta Boston a 1976, abinci ne ke jan jama'a zuwa irin waɗannan wuraren, shi ya sa masu gini kan fi sakin kuɗin tallafin gyara ga mai girki. Sai dai ki je da kanki ki ƙirga masu wucewa ranar Litinin da Juma'a da rana, don tun bayan korona ma'aikata da yawa daga gida suke aiki.

Shawarata: ki tambayi mai ginin ko akwai hanyar bututu zuwa rufi, ki kawo ɗan kwangilar da ya saba harhaɗa kicin ya gani da idonsa. In akwai, ki kama don abinci, ki gasa tsiren da gas, ki sa lauya ya rubuta cewa haya ba za ta fara ba sai an ba ki izinin buɗewa, kuma ba za a ba wani mai abincin Afirka wuri a ginin ba. In babu, kada ki kama don girki ko da an ba ki wata shida kyauta. Atamfar kuma ta fi dacewa da jerin shagunan unguwa mai filin mota, kusa da masallaci ko kantin kayan miya da mutanenmu suka saba zuwa.