Yaɓen bangon ƙasa: laka ko siminti?

A Marwa da Garwa da ke arewacin Kamaru, duk mai tsohon bangon ƙasa yakan fuskanci wannan tambaya kafin damina ta sauka.

Yaɓen laka shi ne mai arha. Ana kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa da kashin shanu, a bar kwaɓin ya kwana biyu ya ruɓa, sannan a yayyafa wa bangon ruwa a shafa da hannu. In aka ƙara ruwan makuba, wato jiƙaƙƙen ɓawon ɗorawa, ruwan sama ba ya saurin cinye shi. Aibinsa ɗaya: sai an sabunta shi kusan kowace shekara.

Siminti kuwa, wanda ake samu daga masana'antar garin Figuil a yankin, ya fi daɗewa, amma ba ya kama ƙasa da kansa. In aka shafa shi kai tsaye, danshi yana taruwa a bayansa, bangon ya yi laushi, yaɓen ya kumbura ya ɓalle faifai-faifai. Ƙwanƙwasa shi da yatsa: in ka ji ƙarar ganga, ya riga ya rabu. Don haka sai an kafa ragar waya da ƙusoshi tukuna. Kwaɓa bokiti 1 na siminti da bokiti 6 na yashi, kauri kada ya wuce santimita 2, a shafa sau biyu, a riƙa shayar da shi ruwa safe da yamma kwana 7.

A ganina, siminti ya dace da gindin bango, inda ruwan indararo ke duka. Sama kuma a bar wa laka.