Wace manhaja za ka saka ta riƙa duba lafiyar sabarka a ƙauye?

Cibiyar jarrabawar JAMB da ke garin da ba hedikwatar jiha ba, asibitin ƙaramar hukuma da ya koma ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta, makarantar kwana mai ɗakin kwamfutoci, duk suna da saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita, ɗaya ko biyu a wani ɗaki da ba kowa ke shiga ba. A Gumel ko Ringim ko Dambatta, cunkoson aiki ba kasafai yake kashe saba ba. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu da ke toshe fanka, batirin inbata da ya gaji, faifan ajiya da ya cika ba wanda ya lura, su ne ke kwantar da ita. Manhajar sa ido tana auna waɗannan abubuwa, ta zana maka hawa da saukarsu a jadawali, ta yi maka ƙararrawa kafin aiki ya tsaya. Kafin ka zaɓa, tambayi kanka abu ɗaya: ranar da netwok ya ɗauke, za ta ci gaba da aunawa da ajiyewa?

Wannan tambaya kaɗai ta fitar da irin su Datadog daga lissafi. Manhaja ce mai kyau, amma bayananka suna tafiya ne zuwa na'urorinsu ta intanet, kuɗin kuma da dala ake biya, kowace saba kowane wata. Wanda ke sayen data da naira ya san inda wannan hanya za ta kai shi.

In sabarka na kan Proxmox ne, wato manhajar da ke raba saba ɗaya ta zama kamar kwamfutoci da yawa, kana da jadawali tun asali: furosesa, ram, faifai da zirga-zirgar netwok, na awa, yini, mako, wata har shekara, ba tare da ka ƙara komai ba. Sai dai bai zo da nuna zafin na'ura ba, kuma bai san komai game da batirinka ba. Ya isa a duba abin da ya faru jiya, bai isa gadi ba.

Netdata ita ce ta mai gaggawa. Umarni ɗaya ka saka ta, ka buɗe adireshin sabar a burauza da lamba 19999 a ƙarshensa, sai ga jadawalai birjik suna motsi daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ranar jarrabawa, idan ɗalibai 250 suka shiga lokaci guda saba ta fara nauyi, nan take za ka ga ko ram ne ya ƙare ko faifai ne ke jan ƙafa. Aibinta yawan bayani: sabon ma'aikaci zai zuba wa allo ido ya rasa wanne zai kalla. Kuma kamfanin yana jan mutane zuwa shafinsa na intanet, don haka ka zare wayar intanet ka gwada ta a cikin gida kafin ka amince. Mutane da yawa suna haɗa ta da Uptime Kuma, wata ƙaramar manhaja da aikinta kawai ta ce kaza yana raye, kaza ya mutu.

PRTG ta kamfanin Paessler na Jamus ta dace da wanda bai saba da Linux ba, domin a Windows take zama, komai da danna linzami. Kyauta ce har ma'auni 100. Kar wannan lamba ta ruɗe ka, ma'auni ɗaya abu ɗaya yake aunawa, saba guda tana iya cinye goma. Saba biyu, suwic uku, rauta da inbata, ka kusa ƙurewa, daga nan sai biya.

Prometheus da Grafana su ne 'yan gayu. Prometheus, da aka fara a kamfanin SoundCloud a 2012, shi ke tattara alƙaluma, Grafana kuma ta zana su, kuma a gaskiya babu mai kyan jadawalinta. Amma manhajoji uku ko huɗu ne za ka ɗinke da hannunka, har da ta ƙararrawa daban, kuma in ba ka canza saitin ba kwana 15 kawai Prometheus ke riƙe bayani. In wanda ya haɗa maka shi ya koma Kano ko ya gama bautar ƙasa, to sai Allah.

Inda zan tsaya in daɗe shi ne Zabbix, wadda Alexei Vladishev ya fitar a 2001, kamfaninta na Riga a ƙasar Latbiya. Kyauta ce gaba ɗaya, babu iyakar na'urori. Fuskarta ba ta burge kowa, kuma makon farko da ita akwai ciwon kai, don sai ka kafa mata rumbun bayanai na MariaDB ko PostgreSQL. Abubuwa uku ne suka sa ta dace da mu. Tana da wakili da ake ajiyewa a reshe: a ce babban ofishi yana Dutse, rassa suna Haɗeja da Birnin Kudu, wakilin kowane reshe zai ci gaba da tara alƙaluma ko netwok ya yanke, in ya dawo ya tura su, jadawali ya cike gurbinsa. Tana iya aika saƙon tes kai tsaye ta modem mai layin waya da aka jona mata, alhali ƙararrawar Telegram da imel suna mutuwa tare da intanet. Sannan tana taƙaita tsofaffin alƙaluma awa-awa ta riƙe su shekara guda, sai ka iya ɗora zafin bazarar bana kan na bara. Masana sanyaya ɗakunan saba na ƙungiyar ASHRAE sun ba da shawarar digiri 18 zuwa 27. Jadawalin da ke nuna ɗakinku yana wuce haka kullum da azahar ya fi dogon bayani tasiri a gaban shugaban da ake roƙo ya sayi esi.

Ko wacce ka ɗauka, kar ka ɗora ta a kan sabar da take gadi, mai gadi ba ya kwana a cikin rumbun da yake tsaro. Tsohuwar laftof ta fi Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, a nan: tana da batirinta, tana da agogon da ba ya mantuwa. Pi 4 da waɗanda suka gabace ta ba su da batirin agogo, in wuta ta ɗauke babu intanet sai su tashi da lokacin da ba daidai ba, jadawalin ya hargitse, katin ajiyarsu kuma ba ya jure yawan rubutu. In UPS ɗinka, wato na'urar batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, na da kafar USB, saka wata ƙaramar manhaja mai suna NUT ta riƙa ba manhajar sa ido labarin cajin batir.

Saba ɗaya, mutum ɗaya: Netdata da Uptime Kuma. Wuri ɗaya, ma'aikatan Windows, na'urori ƙasa da goma: PRTG. Rassa biyu ko fiye, ko wurin da netwok ke zuwa yana tafiya: Zabbix, amma a sa kuɗin koyar da mutum biyu cikin kasafin tun farko, ɗayansu ɗan garin.