Ceanothus a lambun Manchesta: wacce ce ke jure hunturu?

Duk wanda ke zaune a Ingila yana neman shukar da ba ta zubar da ganye da hunturu, kuma mai fure shuɗi, ba zai daɗe yana tambaya ba za a ce masa ya nemi ceanothus. Iri biyu na dasa a bayan gidana a Manchesta: 'Concha', da wata gajera mai yaɗo da ake rubuta wa thyrsiflorus repens a jikin takardar tukunya. Concha ta fi kyau, nesa ba kusa ba. Amma in aka ce in sake sa kuɗina a kan ɗaya, gajerar zan ɗauka.

Asalin shukar daga Amurka ta Arewa ne, kuma mafi yawan ire-irenta 'yan Kalifoniya ne, inda ake shafe watanni ana rana ba ɗigon ruwa. Danginsu ɗaya da magarya da kurna, shi ya sa halinta bai ba ni mamaki ba: ba ta son lele, ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi. To ga ta a garin da ruwan sama ba ya gajiya, ƙasar bayan gidan kuma laka ce mai danƙo. A nan ne irin da mutum ya zaɓa yake nuna kansa.

Concha na sa ta a jikin katangar da ke kallon kudu. A watan Mayu takan cika da fure har ganyen ya ɓace, shuɗi mai duhu kamar turmin da aka tsamo daga marinar Ƙofar Mata. Ƙudan zuma kuwa tun da hantsi suke kanta, kana zaune a ɗakin girki kana jin gunjinsu ta taga. Sai dai makonni kaɗan abin yake yi, ragowar shekara kore ce kawai. Da sanyin Disambar 2022 ya zo, wanda ya hallaka shuke-shuke da yawa a faɗin Birtaniya, gefenta da ke shan iska ya ƙone ƙurmus, ganyen ya koma ruwan ƙasa, in ka murza shi sai ya zama gari a hannunka. Ta rayu, amma wannan gefen har yau a buɗe yake, domin ceanothus mai dawwamammen ganye ba kasafai take sake tohowa daga tsohon itace ba. Wannan halin ne ya sa ba a yi mata aski mai zurfi. Da zarar fure ya ƙare sai a bi kan rassan da almakashi a rage kaɗan, shi ke nan.

Gajerar fa? Ko a jikinta. Tsayinta bai wuce mita 1 ba, faɗinta yakan haura mita 2, furenta shuɗi ne mai haske, bai kai na Concha ɗaukar ido ba. A wancan sanyin 'yan kan rassa ne kawai suka yi baƙi, kafin Afrilu ta rufe wurin. Ta kuma danne ciyawar da a da nake durƙusawa ina cirewa, abin da gwiwoyina suka fi kowa godiya a kai. Aibinta guda: tana cin wuri. Mai ƙaramin fili ya yi tunani kafin ya kawo ta, don ba ta son a tuge ta a sauya mata mazauni bayan saiwarta ta kama.

Maƙwabcina kuwa irin da ake kira 'Trewithen Blue' ya dasa, mai manyan ganye, wadda kan yi tsawo kamar bishiya. Kowa ya wuce sai ya tsaya kallo. Wancan Disambar ce ta tafi da ita gaba ɗaya. Masu lambu a nan sukan ce mai ƙananan ganye ta fi mai faffaɗan ganye jure sanyi da iska, kuma abin da na gani ke nan a layinmu.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne wurin da na saya. Takardar da ke maƙale da tukunyar hoto ne zalla da kalmar "mai juriya", ba adadi. Alhali ƙungiyar masu lambu ta RHS tana da ma'auni, kuma yawancin waɗannan ire-iren suna matakin H4 ne, wato suna iya ɗaukar sanyi tsakanin digiri 5 zuwa 10 ƙasa da sifili. Yaron shagon da na tambaya ce mini ya yi duk ɗaya ne, in zaɓi wadda launinta ya yi mini. Haba! Ko lokacin furensu ma ba ɗaya ba ne: 'Skylark' sai farkon Yuni, 'Autumnal Blue' kuwa daga ƙarshen Agusta zuwa kaka, kuma ana lissafa ta cikin waɗanda suka fi juriya.

A dasa a Afrilu ko Mayu, kada a bari sai sanyi ya kawo jiki. A lakar nan tamu na zuba tsakuwa na tada ɗan tudu kafin in sa su, don ruwa ya riƙa gangarewa. Taki ba ya cikin lissafi, saiwarta na da ƙwayoyin halittar da ke samo mata sinadarin naitirojin daga iska. Kuma mai saye ya san ba shukar gado ba ce: shekara 10 zuwa 15 ta gaji, sai a nemi wata. Idan Concha ta kai nata lokacin, 'Autumnal Blue' nake so in gwada a jikin katangar.